Sayen kaya a Temu, AliExpress da 1688: yadda ake oda ba tare da an tafka asara ba

Tun da Temu, kasuwar intanet mai turo kaya daga ƙasar Sin, ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024, tallanta ya cika wa mutane waya, tambaya ɗaya ake ta jefo mini: agogon nan na naira dubu uku da jakar nan ta dubu biyar, da gaske ne kuwa? In saya ko in haƙura? Galibi kayan suna zuwa, wannan ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwar shi ne kuɗin da ka gani a fuskar waya ba shi ne kuɗin da kayan zai tsaya maka ba, kuma abin da ka gani a hoto ba lallai shi za a miƙo maka a ƙofar gida ba. Ga matakan a jere. Na uku da na huɗu su ne ƙashin bayan aikin, kar ka tsallake su don ɗokin rangwame.

1. Tantance abin da ya dace a sayo daga waje

Kayan da ya dace da irin wannan ciniki shi ne ƙarami, marar nauyi, wanda in ya zo ba daidai ba ba za ka kwana da ciwon rai ba. Murfin waya da gilashin fuskarta, kayan gyaran gashi, sarƙa da ɗan kunne na ado, zif da maɓalli da duwatsun ɗinki, gwangwanin gasa kek, leda da kwalayen ƙunshe kaya na masu sana'ar gida. Sai kuma abin da ka zagaye kasuwa ka rasa, kamar wani ɗan ƙarfe na keken ɗinki ko ƙaramin kayan gyara na wata tsohuwar na'ura. A nan ne waɗannan kasuwanni suka fi amfani, nesa ba kusa ba.

Gargaɗi: duk abin da zai shiga ciki ko a shafa a jiki, bar shi. Maganin ƙiba, na rage tumɓi, man haskaka fata, janbaki marar suna, babu lambar NAFDAC a jikinsu, rubutun kwalin ma sau da yawa ba za ka iya karantawa ba. An sha samun sinadarin makuri a mayukan bilicin, shi kuwa ƙoda yake taɓawa. Haka kayan da jariri zai sa a baki.

Caja, fawabank da memori su ma a yi hattara. Filasha mai cin tera biyu da ake sayarwa a kuɗin kwanon shinkafa jabu ce: an sa mata ta riƙa nuna babban lamba, alhali cikinta ɗan kaɗan ne, kana ta zuba hotunan biki tana share na baya ba ka sani ba. Fawabank na gaske mai ƙarfin 20,000 yakan kai wajen giram 400, in an rubuta maka 50,000 a wani ɗan abu mai kamar akwatin ashana, ka san inda aka dosa.

2. Zaɓi kasuwar da ta dace da buƙatarka

Temu da Shein na mai sayen ɗaiɗai ne, Shein ta fi ƙarfi a sutura. Temu takan sa iyakar mafi ƙarancin kuɗin oda, shi ne yake jan mutum ya yi ta cusa abin da bai yi niyya ba don ya cike. AliExpress kuwa kasuwa ce mai dubban 'yan tireda, kowa da shagonsa da halinsa, don haka mai shagon za ka bincika ba sunan kasuwar ba. Kayan da aka yi wa alamar Choice a cikinta kamfanin ne da kansa yake kula da jigilarsu, sun fi saurin zuwa. Alibaba ta 'yan sari ce masu manyan oda. Ita kuwa 1688 kasuwar cikin gida ce ta ƙasar Sin, da Sinanci take, farashinta da yuwan, wato kuɗin Sin, ba ta kawo kaya Najeriya kai-tsaye, sai ta hannun wakili. Ta fi duka araha, ta kuma fi duka wahalar sha'ani. In wannan ne karonka na farko, kar ka fara da ita.

Sauke manhajar daga Play Store ko App Store kawai. Kar ka bi mahaɗin da aka turo maka a WhatsApp da sunan kyauta.

3. Yi lissafin abin da kayan zai tsaya maka

Ɗauki biro da takarda. Rubuta kuɗin kaya, ƙara kuɗin jigila, sannan ka juya su zuwa naira da farashin dalar da bankinka zai cire maka, wanda kusan kullum ya ɗara wanda kake ji a labarai. In ba a kawowa har unguwarku, ƙara kuɗin mota ko na ɗan aike da zai karɓo maka.

A ce takalmi ne na dala 12, jigila dala 4, ya zama 16. A ce banki ya yi maka lissafin kowace dala a kan naira 1,550, ka ga ya tashi 24,800. Ɗan aike ya karɓi 1,500, ya koma 26,300. To, sai ka leƙa kasuwa ko ka kira wani ɗan'uwa mai shago. In irinsa yana 28,000 a Sabon Gari ko Wambai, inda za ka sa ƙafa ka gwada, ka taya a rage maka, in ya yage washegari ka koma ka sami mai shagon a zaune, to ribar 1,700 ba ta kai ka jira mako uku kana zullumi ba.

Mutane suna mantawa cewa kayan da ke jibge a Farm Centre da Kantin Kwari da titin Beirut a Kano, da yawansu daga biranen Guangzhou da Yiwu da Shenzhen na ƙasar Sin suka fito, wato inda kayan manhajar suke fitowa. Ɗan kasuwa ya cika kwantena ya biyo ta ruwa, kuɗin dakon kowane guda ya zama ƙanƙani, naka kuwa guda ɗaya jirgin sama zai hau. Shi ya sa abu mai nauyi, irin su tukwane, injin markaɗe, fanka ko bargo, kusan ko yaushe ya fi sauƙi a gida. A ganina, in bambancin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, saya a gida ka huta. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Batun kwastam: daga 8 ga Satumba, 2025, hukumar kwastam ta Najeriya ta yafe kuɗin fito ga ƙananan kaya da ƙimarsu ba ta wuce dala 300 ba, amma an ƙayyade shi sau huɗu a shekara, kuma bai shafi kayan da aka haramta shigo da su ba. In odarka ta haura haka, sa kuɗin fito da harajin kayan masarufi na kashi 7.5 a cikin lissafinka tun yanzu.

Gargaɗi: agogon da ke ƙirga daƙiƙa a saman shafi, wai rangwame zai ƙare nan da minti goma, da ƙafar keken nan da ake juyawa a ci kyauta, duk dabarar hana ka tunani ce. Sa kayan a kwando ka kwana a kai. Gobe za ka tarar da shi, sau tari da farashin jiya.

4. Karanta shafin kayan kamar mai neman laifi

Nan ne mafi yawan mutane suke faɗuwa, don hoton farko suke kallo su wuce.

Fara da zaɓin da ke ƙarƙashin hoto. Wata tsohuwar dabara ce a sa hoton babban kaya, a rubuta farashin ɗan ƙaramin abin da ke rakiyarsa. Ka ga hoton fitilar sola da araha mai ban mamaki, ashe zaɓin da aka riga aka danna maka na wayar cajinta ne kawai. Danna kowane zaɓi ɗaya bayan ɗaya, ka ga yadda farashin yake sauyawa, ka tabbata sunan abin da ka zaɓa shi ne abin da kake so. Duba adadi kuma: hoto yana nuna cokula shida, rubutu yana cewa guda ɗaya.

Sai girma. Hoto ba ya faɗin girma, lambobi ne suke faɗa. In an rubuta santimita 15, ɗauko abin awo ka ga iyakarsa a tafin hannunka. Da yawa sun yi odar kafet ko tukunya, aka kawo musu abin da bai wuce na wasan 'yar tsana ba, kuma da suka koma shafin suka tarar an rubuta awon ƙuru-ƙuru, su ne ba su duba ba.

'Yar'uwa mai sayen abaya ko doguwar riga, ki manta da L da XL ɗin da kika saba, awon Sin ya fi namu ƙanƙanta. Ki ɗauko rigar da ta fi zama miki daidai, ki shimfiɗa ta, ki auna ƙirji, kafaɗa, hannu da tsawo da tef ɗin tela, ki gwada da jadawalin awon da ke shafin. Tsawon ne ya fi ba mu matsala, rigar da ta share ƙasa a jikin mai talla tana iya tsaya miki a ƙwauri. Ki duba irin yadin ma: mafi yawan masu arahar roba ne zalla, a zafin watan Afrilu ba za su saku ba. Takalmi kuwa a taka farar takarda a zana ƙafa, a auna daga dunduniya zuwa babban yatsa.

Kayan wuta: zaɓi wanda aka rubuta UK plug in kana Najeriya ko Gana, shi ne mai baki uku irin na soket ɗinmu. Mutanen Nijar, Kamaru da Chadi su zaɓi EU plug, mai baki biyu zagayayyu. Kar kowa ya ɗauki na Amurka ba tare da ya duba ƙarfin wutar ba, tasu 110 zuwa 120 ce, tamu 220 zuwa 240, kana jonawa zai ƙone. In waya ce, nemi wadda aka rubuta Global version, domin ta kasuwar cikin Sin ba lallai ta zo da Play Store ba.

Daga nan sauka wurin ra'ayoyin waɗanda suka saya. Tsallake masu tauraro biyar da yabo na layi ɗaya. Nemi masu hoton da aka ɗauka a ɗaki, a kan gado ko tabarma, nan za ka ga ainihin launi da kaurin yadi. Karanta masu tauraro ɗaya zuwa uku, in mutum biyar sun yi kuka da abu ɗaya, kai ne na shida. A AliExpress duba shekarun shagon da yawan abin da ya sayar. Sabon shago marar tarihi da ke sayar da abu mai tsada a rabin kuɗi, wuce shi.

5. Rubuta adireshi yadda ɗan aike zai gane

Suna kamar yadda yake a katin shaidarka. Lambar waya da +234 a gaba, a cire sifirin farko, kuma ta zama layin da yake kunne kullum, don da kiran waya ake kawo kaya a ƙasar nan, ba da lambar gida ba. In lungunku ba shi da suna, sa sanannen wuri: bayan masallacin Juma'a kaza, kusa da firamare kaza. Ko kuma ka ba da adireshin shago ko ofis da ke bakin titi. Lambar gidan waya ta cikin birnin Kano 700001 ce, ta Kaduna 800001. Wanda ke ƙauye gara ya sa adireshin ɗan'uwa a babban gari.

6. Biya, amma a cikin manhajar kawai

Bankuna da dama sun dakatar da sayayyar waje da katin naira a 2022, wasu suka dawo da ita a tsakiyar 2025, kowanne da iyakar da ya sa. Tambayi bankinka ko katinka yana aiki a waje, da kuma farashin dalarsu na ranar. Shafin biyan kuɗi zai nuna maka hanyoyin da ake karɓa. Shawarata, ware asusu guda don wannan harka, ka riƙa zuba masa daidai kuɗin odar, kar ka liƙa katin da albashinka ko jarinka yake ciki. In katin dala na intanet ka yi amfani da shi, kar ka rufe shi sai kaya sun iso lafiya, saboda in za a maido kuɗi ta hanyar da suka fita suke dawowa.

Kafin ka danna, ɗauki hoton allon shafin: hoton kayan, bayaninsa, awonsa, farashinsa da ranar da aka yi alkawarin kawowa. Mai shago yana iya sauya bayanin daga baya.

Gargaɗi: in mai shago ya ce ku koma WhatsApp zai rage maka, ka tura masa kuɗi kai-tsaye, to kariyar da kasuwar take ba mai saye ta faɗi ke nan. Ba wanda zai saurare ka.

7. Jira, kuma ka san lokacin da bai kamata a yi oda ba

Za a ba ka lambar bibiyar kaya, kana iya duba ta a manhajar ko a shafin 17TRACK. Mako biyu zuwa huɗu ba abin tada hankali ba ne, wani ya wuce haka, musamman wanda ya biyo ta gidan waya. Kamfanoni irin su Speedaf sukan kira ka in kaya sun iso garinku. Ɗaga baƙuwar lamba a kwanakin nan, in aka yi ta kira ba a same ka ba kayan yana iya komawa.

Kayan Sallah ko na biki a yi odarsu da ratar wata biyu. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu da shaguna sukan rufe har na makonni. Makon farko na Oktoba ma hutu ne a can. Ranar 11 ga Nuwamba ita ce babbar ranar rangwamensu, ana samun ragi na gaske, amma cunkoso yakan jinkirta kaya.

Gargaɗi: saƙon da zai ce an riƙe kayanka a kwastam, ka danna nan ka biya, ko wani ya kira ya ce ka karanto masa lambar sirrin da banki ya turo maka, ɗan damfara ne. Duba manhajar, in babu batun a can to babu shi.

8. Buɗe kaya a gaban kyamara

Kar ka yage ledar a tsaye a bakin ƙofa. Ajiye ta a tebur, sa wani ya riƙe waya yana ɗaukar bidiyo. A fara nuna takardar da ke manne a jiki, lambar ta fito sosai, a juya ƙunshin a ga ba a taɓa buɗe shi ba, sannan a yanka, duk a ɗauka ɗaya ba tare da tsayawa ba. A ƙirga kayan, a ɗora abin awo a kai, in na wuta ne a jona a ga ya kama. Memori kuwa a cika shi maƙil da bidiyoyi sannan a buɗe na farko da na ƙarshe, ko a gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta.

Gargaɗi: kar ka danna wurin tabbatar da cewa kaya sun iso hannunka alhali ba su iso ba, ko da mai shago ya roƙe ka. Kar kuma ka yar da leda da kwali sai ka gama gwaji.

9. In kaya sun zo ba daidai ba

A AliExpress kwana 15 gare ka bayan karɓar kaya ka shigar da ƙorafi. Temu takan ba da har kwana 90 daga ranar saye a kan yawancin kaya. Duk da haka duba abin da aka rubuta a jikin odarka, shi ne abin dogaro. Shigar da ƙorafin a cikin manhajar, rubuta magana gajera: abin da aka tallata, abin da ya zo, abin da kake nema. Haɗa da bidiyon nan da hoton allon da ka ajiye.

Mai shago zai zo da daɗin baki, ya ce ka janye ƙorafin zai sake turo maka wani. Kar ka janye. So yake wa'adin ya ƙare, daga nan kuma ba ka da ta cewa. In ba ku daidaita ba, kamfanin zai shiga tsakani ya duba hujja. In an ce sai ka mayar da kayan Sin da kuɗinka, yi lissafi tukuna, sau da yawa kuɗin aikawar ya fi kuɗin kayan, gara ka nemi a maido maka wani kaso ka riƙe abin. Kuɗin da aka maido yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ka ga alat. Lura kuma ko asusun bankinka za a mayar ko kuwa cikin manhajar za a ajiye maka su, wanda dole sai dai ka sake sayayya da su.

10. In sari za ka yi: 1688 da wakili

Mai niyyar kasuwanci ya fara da samfur, guda biyu ko uku, ya riƙe a hannu ya gani kafin ya zuba jari. A 1688 ana neman kaya da hoto: ɗora hoton abin da kake so, za ta fito maka da masu sayar da shi. Wakili ne zai biya maka da yuwan, a kai kayan ma'ajiyarsa, galibi a Guangzhou, ya haɗa su ya auna, ya turo ta sama ko ta ruwa.

Tambaye shi abu huɗu kafin ka tura ko sisi: farashin yuwan da yake lissafi da shi, ladansa, kuɗin kilo, da ko kuɗin ya haɗa da fito da kawowa har Kano ko kuwa a Legas zai tsaya. A rubuce, ba da baki ba. Ka kuma ce a ɗauko maka hoton kayan a ma'ajiya kafin a ɗaure, don da zarar sun bar Sin maganar musanya ta ƙare.

Jirgin sama da kilo ake biya, amma kaya mai girma marar nauyi da girmansa ake lissafi. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6,000. Kwali mai 50 da 40 da 30 zai ba da kilo 10, ko da filo ne a ciki wanda bai kai kilo uku a sikeli ba. Wasu da 5,000 suke rabawa, sai ya zama 12, don haka tambaya. Kaya masu batir, ruwa ko gari layinsu daban ne, kuɗinsu ya fi yawa. Ta ruwa da girman wuri ake biya, ya fi sauƙi ƙwarai, sai dai ka sa ran wata biyu ko fiye kafin kaya su fito daga tashar Apapa ko Tin Can su kamo hanyar Arewa.

Gargaɗi: wakilan bogi sun yi yawa a Facebook da Instagram. Nemi wanda yake da ofis da za ka iya takawa ka je, wanda wani da ka sani ya taɓa karɓar kaya ta hannunsa, kuma odar farko kar ta wuce abin da za ka iya jure rashinsa. Sai ta iso ka ƙirga ta cika, sannan ka ƙara ta biyu.